Mutum-mutumin koyon farfaɗo da zuciya: fitila ta yi aiki, huhu ya ba da kunya

Mutum-mutumi mai rabin jiki muka saya wa ɗakin atisayen ɗaliban jinya, wanda ke da fitila a kafaɗa, mai nuna kore in danna ƙirji ya yi daidai, ja in bai yi ba. Fitilar nan ita ce ta burge ni.

Duk ɗalibi ya haddace ƙa'idar: danna ƙirji sau 30, numfashi 2, zurfin santimita 5 zuwa 6, gudun dannawa 100 zuwa 120 a minti. A takarda ba mai faɗuwa. Amma ranar atisayen farko, da aka ce ga majinyaci ya yanke jiki ya faɗi, aka sa mutum huɗu a kansa, sai fitila ta tsaya a ja. Hannu na sama-sama, gwiwar hannu a lanƙwashe, mai dannawa kuma ya jingina da ƙirjin, bai bari ya dawo daidai kafin ya sake dannawa ba. Wanda ya fara da kore ma, kafin minti biyu ƙarfinsa ya ƙare, bai ma sani ba. Nan suka gane dalilin canza hannu duk minti 2, kuma canjin kada ya kai daƙiƙa 10. Idon malami ba ya iya auna santimita, fitila kuwa ba ta jin kunyar kowa. Haka hanyar iska: in ba a karkata kai baya an ɗaga haɓa ba, matsa ambu (jakar da ake matsawa don hura iska cikin huhu) duk yadda ka so, ƙirji ba zai tashi ba. Madalla da wannan.

Sai dai da na tuna huhun mutum-mutumin, raina ke ɓaci. Leda ce siririya, ta tsage cikin makonni kaɗan, dillalin kuma ba shi da na canji, kullum “suna hanya”. Ƙirji ya daina tashi, ɗaliban da ke yin daidai suka fara zargin hannunsu, suna ƙara matsa ambu da ƙarfi, abin da a jikin mutum ke cika ciki da iska har ya jawo amai. Wato yanzu kuskure yake koya musu. Ba shi da hannun sa kanula (siririn bututun da ake sawa a jijiya don ba da magani), don haka adirenalin, maganin zaburar da zuciya, miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5 faɗa kawai ake yi, ba a gwadawa a aikace.

Don koyon dannawa, a saya. Amma kada a biya ko kwabo sai an ƙirga huhun canji a cikin kwali.