Cikakken jadawali ko gajeriyar hanya?

Ɗaliban manɗiƙi 'yan Agege da ke karatu a Akoka, a Legas, sun rabu biyu kan yadda ake gwada ingancin hujja.

Wasu na zana cikakken jadawalin gaskiya, su jera kowane hali na "gaskiya" da "ƙarya". Amincinsa ba shakka, sai dai yana cin takarda, don kowace magana ana ba ta harafi: harafi 3 layi 8 ne, harafi 5 kuwa 32.

Wasu kuma su ƙaddara sakamako ƙarya ne, su nemi halin da muƙaddimomi (maganganun da aka gina hujja a kansu) duka za su zama gaskiya. Ga misali: idan an yi ruwa (P), titin Ikorodu zai cunkushe (Q). Titin ya cunkushe, saboda haka an yi ruwa. Sa P ƙarya, Q gaskiya: muƙaddimomin biyu sun tsaya, sakamako ya faɗi, hujja ta rushe a layi ɗaya. Ai kowa ya san ko tirela ɗaya kan tare titin nan da rani.

Ni dai sabon shiga ya fara da jadawali, don a nan ido ke sabawa da cewa P → Q (idan P, to Q) ba ta ƙarya sai P gaskiya, Q ƙarya. Gajeriyar hanya ta ranar jarrabawa ce.