Man kariya daga rana mai zink oksaid: yadda na same shi bayan maganin ciwon kansa ya sauya min launin fata

Wannan sharhi ne a kan man shafawa na kariya daga rana, mai sinadarin zink oksaid da lambar SPF 50 (ma'aunin ƙarfin kariyarsa daga ƙunar rana), irin wanda aka ɗan saka wa launin ƙasa-ƙasa. Na rubuta shi ne domin masu irin larurata, wato waɗanda ake yi wa ƙarin ruwan maganin kansa mai zaburar da garkuwar jiki, har fatarsu ta fara yin fari dabbare-dabbare, rana kuma ta zame musu abin gudu. Man yana aiki, kuma zan ci gaba da saye. Amma a Kano, ga mutumin da ke alwala sau biyar a yini, shi kaɗai bai isa ba.

Ciwona melanoma ne, kansar fata, kuma a tafin ƙafa ya fito min. Mutanenmu na ɗauka ciwon Turawa ne, alhali mu baƙaƙen fata ma yana kama mu, sai dai ya fi fito mana a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Bayan tiyata aka ɗora ni a kan pembrolizumab, miligiram 200 duk sati uku, ta jijiya, ana gamawa cikin kamar rabin awa. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna da wani abu mai kama da birki, ana ce masa PD-1, kuma kansa kan taka wannan birki don kada a taɓa ta. Maganin yana sakin birkin ne. Masanin Japan Tasuku Honjo ne ya gano PD-1, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2018, wadda suka raba shi da James Allison na Amurka.

To, melanoma daga ƙwayoyin da ke ba fata launi take tasowa. Garkuwar da aka saki ba koyaushe take bambanta mai ciwo da mai lafiya ba, sai ta haɗa da masu lafiyar. Abin da ke biyo baya shi ne vitiligo, irin farin da muke kira albaras. Nawa ya fara ne bayan watanni da soma maganin: bayan hannu, gefen baki, goshi, sai wuya. Gashin girata da wani sashe na gemuna ma suka yi fari fat. Da na nuna wa likitana, ya ce an sha lura cewa masu melanoma da suka samu wannan farin sukan fi amsar maganin, ko da yake ba tabbaci ba ne, kuma wanda bai samu ba kada hankalinsa ya tashi. Ya kuma gaya min gaskiya cewa sau da yawa farin ba ya komawa ko bayan an gama maganin.

Abin da ban taɓa sani ba a rayuwata shi ne ƙunar rana. Wurin da ya yi fari babu melanin a cikinsa, wato babu abin da ke tare hasken da ke ƙona fata. Daga gida zuwa kasuwa a kan babur, bayan hannuwana suka yi ja, suna zafi da ƙaiƙayi, washegari suka ɗuro ruwa. Daga nan ne likitar fata ta rubuta min wannan man.

Ta zaɓi mai zink oksaid ne saboda fatar mai shan wannan magani takan yi saurin fushi, ga ƙaiƙayi da ƙuraje da ke zuwa da shi, kuma zink bai cika tayar da fata ba. A wajena haka abin yake. Ba ya da turare, ba ya min zafi a wurin da ya yi fari, kuma ko gumi ya gangaro da shi cikin ido ba ya yin yajin da ke sa mutum hawaye a tsakiyar titi. Yana tare nau'in haske biyu, UVA da UVB. Wannan a duba shi a jikin bututun kafin a biya kuɗi, domin lambar SPF ta UVB ce kawai. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, SPF 50 kusan kashi 98. Bambancin kaɗan ne a takarda, amma tunda yawancinmu ba ma shafa adadin da ya kamata, gara a ɗauki babbar lamba. Adadin kuwa ya fi yadda ake zato: layi biyu a tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, hannuwa kuma nasu daban, a shafa kamar minti 15 kafin fita. Tun da na riƙe wannan ƙa'ida ban sake ɗurar ruwa ba, kuma jan da nake dawowa da shi gida ya ragu ƙwarai. Wannan shi ne aikin da na saye shi dominsa, kuma ya yi.

Launinsa ne matsala ta farko. Zink fari ne, a baƙar fata yakan bar toka-toka. Launin da aka saka masa ya rage hakan, har a wuraren da suka yi fari yana ɗan dusashe bambancin, abin da ya yi min daɗi. Amma a inda fatata take da asalin launinta, har yanzu ana ganinsa, musamman cikin gemu inda yake maƙalewa tsakanin gashi. Sai an murza shi a hankali, kaɗan-kaɗan, sau biyu. Yana kuma ɓata wuyan riga da bakin hula. Mai son farar shadda ya shirya wanki.

Babban al'amari shi ne alwala, kuma ban ga an yi maganarta a jikin kwali ko ɗaya ba. Wuraren da suka fi buƙatar man su ne dai gaɓoɓin alwala: fuska, hannuwa zuwa gwiwa, bayan ƙafa ga mai silifas. Wanda nake amfani da shi mai jure ruwa ne, idan aka zuba ruwa sai ka ga yana zamewa a kai. Hakan ya dame ni, na tambayi malaminmu. Ya ce abin dubawa shi ne ko abu yana da kaurin da ke hana ruwa isa ga fata. Idan haka ne a gusar da shi, idan kuwa maiƙo ne kawai da ya shige fata babu laifi. Don hankalina ya kwanta, ina wanke shi da sabulu mara ƙarfi kafin alwalar Azahar da ta La'asar, in sake shafawa bayan sallah. Dama ƙa'idarsa ita ce a sabunta duk awa biyu idan ana waje, ko bayan gumi mai yawa, don haka lokutan sun kusa dacewa. Illar ita ce man yana ƙarewa da wuri, fata kuma tana bushewa saboda yawan sabulu, balle a hunturu. Sai na haɗa da man shafawa mara turare da daddare. Kada ƙurar hunturu ko hadarin damina su ruɗi mutum ya bar shafawa, hasken yana ratsawa.

Tsada kam yana da ita. Daga waje ake shigo da shi, ƙaramin bututu ne mai mililita 50, kuma da irin wannan shafe-shafen ba ya kai min wata. Ga iyalin da kuɗin maganin kansa ya riga ya girgiza, wannan ƙari ne mai nauyi. Shi ya sa na mayar da rabin aikin ga sutura. Riga mai dogon hannu da saƙa mai kauri, wadda idan ka ɗaga ta ga rana ba ka ganin haske ta ciki. Safar hannu a kan babur. Malfa mai faɗi idan zan daɗe a fili. Lema a mota. Ranar Juma'a ina zuwa da wuri don in samu cikin masallaci ko inuwa, domin zaman sahun titi da ƙarfe biyu na rana ya fi ƙarfin kowane man shafawa. Abin da zan iya yi kafin goma na safe ko bayan huɗu na yamma, ina yin sa a lokacin. Man sai ya rage wa fuska, wuya da bayan hannu, ya ɗan ƙara daɗewa. A saya a kantin magani da aka amince da shi, a duba ranar ƙarewa, kuma kada a bar shi cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur, zafi yana ɓata shi.

Akwai abin da man ba ya tarewa, wato maganar mutane. An tambaye ni ko bilicin nake yi, ni da furfurata. Wani ya janye hannu da muka zo gaisawa, yana tsammanin kuturta ce. Wannan ya fi ƙunar rana ciwo. Vitiligo ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Wata 'yar Najeriya mai wannan larura, Ogo Maduewesi, tana cikin waɗanda suka assasa ranar vitiligo ta duniya da ake yi kowace 25 ga Yuni, amma wayar da kan bai iso unguwanninmu yadda ya kamata ba. Masu kawo magani ma sun yi yawa, daga mai haɗin gargajiya zuwa mai man kanti da aka ce yana dawo da launi. Ban shafa ko ɗaya ba, domin da yawa daga mayukan kasuwa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma mai shan maganin garkuwar jiki bai kamata ya taɓa irin wannan ba sai da sanin likitansa. Ina roƙon duk wanda farin ya tsorata shi, kada ya bar zuwa ƙarin ruwansa saboda tabo. Ya nuna wa likita, ya nuna masa duk wani sabon ƙurji ko saɓar fata, musamman idan ta taɓa baki ko ido, domin wannan ba jira ake yi ba.

Ga mai fararen tabo a fuska da hannu wanda dole ya fita neman abinci, ina ba da shawarar wannan man, kuma ya nemi mai launi, wanda ya fi kusa da fatarsa, ya fara gwada shi a bayan kunne kafin ya shafa a fuska duka. Tunda zai rage shiga rana sosai, ya tambayi likita ko za a haɗa awon bitamin D cikin gwajin jinin da ake yi masa kafin ƙarin ruwa.