Sphinx da samfuran Django: kayan aiki mai ƙarfi da ba ya ɗaga murya idan ya gaza

Sphinx manhaja ce da Georg Brandl ya fitar a shekarar 2008 domin tsara littafin bayanin harshen Python, kuma har yau ita ce mafi yawan masu rubuta kod da wannan harshe suke nufa idan suna son bayanin aikinsu ya fito a shafuka masu tsari. Shi kansa Django, tsarin gina manhajojin yanar gizo da Python wanda aka sake wa jama'a a 2005, da Sphinx ake gina bayanansa na hukuma. Ganin haka, mutum zai zaci cewa haɗa su ba zai ɗauki ko rabin sa'a ba. Na jima ina amfani da su tare wajen rubuta bayanin samfuran rumbun bayanai, wato azuzuwan da Django ke juyawa su zama tebura, kuma ra'ayina shi ne Sphinx ta cancanci wahalarta, amma sai wanda ya fahimci yadda take aiki ne zai ci moriyarta.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ƙarin Sphinx da ake kira autodoc, mai ɗebo bayani daga cikin kod, ba karanta fayil yake yi kamar yadda mutum ke karanta takarda ba. Loda fayil ɗin yake yi a cikin Python, duk layin da ke wajen ayyuka ya gudana, sannan ya bi abubuwan da suka samu ɗaya bayan ɗaya yana ɗebo bayaninsu. Kusan duk matsalar da ake cin karo da ita daga nan take tasowa, domin samfurin Django ba ya yarda a loda shi a keɓe. Tun daga siga ta 1.7, wadda ta fito a 2014, Django yana da rajistar manhajoji da dole a cika ta kafin a taɓa kowane samfuri. Idan ba a nuna masa saitunansa ba zai jefo kuskuren ImproperlyConfigured, idan kuma an nuna masa saitunan amma ba a tayar da rajistar ba zai jefo AppRegistryNotReady. Maganin ba shi da tsawo, kuma duk a conf.py yake, wato fayil ɗin saitunan Sphinx: a saka babban kundin aikin cikin sys.path, jerin wuraren da Python ke neman fayiloli, a ba DJANGO_SETTINGS_MODULE sunan fayil ɗin saituna, sannan a kira django.setup(), wanda dole ne ya zo bayan waɗancan biyun.

Babban aibin Sphinx a wurina shi ne yadda take nuna halin ko-in-kula idan lodawar ta gaza. Maimakon ta tsaya, sai ta rubuta gargaɗi a tsakiyar ɗimbin layukan da ke wucewa a allo, ta ci gaba da aiki, a ƙarshe ta sanar cewa ginin ya kammala. Sai an buɗe shafin ne za a tarar da kanu kawai, babu komai a ƙarƙashinsa. Wannan ya fi cutarwa a sabar da ke gina bayanai da kanta duk lokacin da aka sabunta kod, domin babu mai zama yana duba abin da ta rubuta. Don haka nake ganin wajibi ne a riƙa gina bayanai da alamar -W, wadda ke mayar da kowane gargaɗi kuskure, a haɗa da -T domin a ga cikakken sawun inda abin ya lalace.

Ko bayan an shawo kan lodawa, shafin farko da zai fito ba ya gamsarwa, kuma a nan ne aikin gaske yake. Mai rubuta kod ya rubuta cewa gurbi kaza, wato ginshiƙi ɗaya na tebur, CharField ne mai tsawon haruffa kaza, amma Django ba ya barin wannan gurbin a jikin ajin yadda aka rubuta shi. Yana kwashe shi zuwa cikin _meta, ma'ajiyar bayanan samfurin, ya ajiye wani abu mai suna DeferredAttribute a madadinsa, ga ForeignKey kuma, gurbin da ke haɗa samfuri da wani, ya ajiye ForwardManyToOneDescriptor. Da autodoc ya zo dubawa, waɗannan wakilan yake tararwa, sai ya kwafo bayaninsu na gama-gari ya maimaita shi a ƙarƙashin kowane gurbi, alhali nau'in gurbin da help_text da verbose_name, waɗanda su ne mai karatu yake nema, ba su bayyana ko'ina ba. Haka kuma idan samfuri ba shi da rubutaccen bayani, Django yana ƙirƙira masa ɗaya daga sunan ajin da jerin gurabensa, abin da ke sa shafi ya yi kamar an yi masa bayani alhali ba a rubuta komai ba.

A daidai wannan gaɓar ce ƙarfin Sphinx yake bayyana, domin ta bar ƙofa a buɗe. Tana da wani mataki mai suna autodoc-process-docstring, wanda ke ba mutum damar rubuta ɗan aiki a conf.py da zai tare kowane samfuri, ya bi gurabensa ta _meta.get_fields(), ya ƙara nau'i da bayanin kowanne a cikin rubutun. Abin lura kawai shi ne, rubutun da aka naɗe da gettext_lazy ba cikakken rubutu ba ne tukuna, sai an wuce da shi ta str(). Wanda ba ya son rubuta wannan da hannunsa yana iya ɗaukar ƙarin sphinxcontrib-django, wanda ke yin aikin har ya haɗa samfuri da wanda yake da alaƙa da shi. Ni na fi son rubuta nawa, saboda gajere ne kuma na san abin da ke cikinsa.

Akwai wani haɗari da ba kasafai ake ambatonsa ba. Idan wani aji yana ɗauke da tambayar rumbu a jikinsa, kamar queryset da ake sakawa a azuzuwan nuni, autodoc yana iya kiran repr() a kanta domin ya nuna ƙimarta, ita kuwa QuerySet da zarar an yi mata haka sai ta je rumbun ta ɗebo layuka 21, ta nuna 20. Idan saitunan da aka yi gini da su na rumbun gaske ne, sunayen mutane na iya shiga shafin da za a wallafa. Bai kamata a yi sakaci da wannan ba. A ware wa ginin bayanai fayil ɗin saituna nasa mai amfani da SQLite maras komai a ciki, a kuma yi amfani da zaɓin :no-value: inda ya dace.

Wasu kan gudu daga duk wannan ta hanyar saka django cikin autodoc_mock_imports, zaɓin da ke maye gurbin ɗakin karatu da na bogi, amma ban ba da wannan shawarar ba, domin samfurin da ya gaji ajin bogi ba shi da _meta, kuma duk abin da Django ke ƙarawa da kansa ya tafi. Zaɓin yana da amfani ga ɗakunan karatu na gefe masu wuyar girkawa kawai. Shi ma sphinx-autoapi, wanda ke nazarin kod ba tare da ya gudanar da shi ba, yana kawar da matsalar lodawa gaba ɗaya, sai dai ba ya ganin objects ko DoesNotExist ko alaƙar da ke dawowa daga wani samfurin.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Umarnin sphinx-apidoc yana kwaso kundin migrations, inda Django ke ajiye sauye-sauyen tebura, idan ba a hana shi ba, ya cika bayanan da shafukan da babu mai buƙatarsu, shi kuwa intersphinx yana haɗa sunayen azuzuwa da bayanan Django na hukuma cikin sauƙi. Ga ƙaramin aiki da ma'aikatan cikin gida kaɗai za su duba, django.contrib.admindocs ya wadatar, tunda yana nuna samfura da gurabensu a shafin gudanarwa da zarar an girka docutils. Aikin da wasu za su gada ko za su gina nasu a kansa kuwa, Sphinx nake zaɓa masa, tare da saituna na daban da alamar -W tun daga ranar farko.