Grammarly da Turancin ofis: abin da yake gyarawa da abin da sai kai da kanka

Masu koyon Turanci da yawa ba nahawu ne damuwarsu ba, suna haɗa jimla tsaf, amma da an ce su rubuta imel na neman aiki ko neman gurbin karatu sai rubutun ya fito kamar hirar WhatsApp, ko kuma ya kumbura da manyan kalmomi har mai karatu ya rasa me ake nema. Don haka nake son in yi magana kan Grammarly, wato manhajar nan mai duba kurakurai a rubutun Turanci, don na daɗe ina aiki da shi kuma mutane suna yawan tambaya wai shin zai iya mayar musu da rubutu ya zama na ofis.

Wasu 'yan ƙasar Yukren ne suka kafa kamfanin a 2009, a 2019 kuma suka ƙara masa abin da ke auna yanayin muryar rubutu, ya gaya maka wannan saƙon naka ya yi kama da na abokai ne, ko na girmamawa, ko akwai zafi a ciki. Ana liƙa shi a burauza, akwai na waya, akwai na kyauta akwai na kuɗi.

Inda ya burge ni gaskiya shi ne ƙananan abubuwan nan da idon mai koyo baya kamawa. Ka rubuta "pls I wanna know if u got my CV" ka ga yadda layuka za su fito a ƙarƙashin kalmomin, ka taɓa ya nuna maka abin da ya dace, kuma yana ɗan bayanin dalili, wanda ni a wajena bayanin nan ya fi gyaran kansa amfani, matsalar dai mutane basa karantawa, danna karɓa kawai suke yi su wuce. Sannan yana barinka ka zaɓi Turancin Amurka ko na Birtaniya, wannan ma ba ƙaramin abu bane, don ba kyau ka rubuta colour a sama sannan color a ƙasa cikin takarda ɗaya.

To amma fa akwai inda ba zai kai ka ba. Yawancinmu mun ɗauka Turancin ofis shi ne yawan roƙo da ƙasƙantar da kai, sai ka ga mutum ya buɗe wasiƙa da "I humbly and most respectfully beg to crave your indulgence", nahawun lafiya lau, saboda haka ba lallai ka ga wani jan layi ba, sai mutum ya ji ai ya gama. Alhali wanda zai karanta a wata jami'a a Ingila ko Kanada yana da imel jibge a gabansa, so yake tun layin farko ya san waye kai kuma me kake so. "I am writing to ask whether you have received my application" ta wadatar, akwai ladabi a ciki kuma babu ɓata lokaci. Manhajar kamar dutsen guga take, za ta miƙe maka rigar amma ba ita za ta zaɓa maka wadda ta dace da taron ba. Bata san ko farfesa kake wa rubutu ba ko abokin aikin da kuke wasa da dariya kullum.

Akwai kuma ƙa'idojin da gara ka riƙe su a ka. A salon Birtaniya in ka buɗe da Dear Sir or Madam da Yours faithfully ake rufewa, in ka ambaci sunan mutum kuma Yours sincerely, Amurkawa su kam Sincerely ta ishe su. Ka rubuta do not da cannot a cike maimakon guntulewa. Kalmomi irin su request da purchase sun fi jin ofis a kan ask for da buy, asalin abin tun 1066 ne da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi Faransanci ya zama harshen fada da kotu, amma kar hakan yasa ka riƙa cusa su ko'ina, wallahi in suka yi yawa rubutun nauyi yake yi.

Masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS ku kula da kyau, a ɓangaren General Training aikin farko na rubutu wasiƙa ce ta aƙalla kalma 150 cikin kamar minti 20, kuma ana duba ko muryar wasiƙar ta dace da wanda aka rubuta wa, ranar babu wata manhaja da za ta ja maka layi. Don haka ka fara rubutawa da kanka tukun, ka karanta da ƙarfi, sannan ka kunna Grammarly ya duba.

Abu ɗaya kuma, rubutun da yake dubawa ta intanet yake tafiya can wajensu, in takardun sirri ne na wurin aiki ka fara tambaya ko an yarda.

Ɗalibi ko mai neman aiki na kyautar ya ishe shi farawa. Na kuɗin shi ne ke sake tsara jimla gaba ɗaya da ƙarin shawarwari kan murya, ni dai ina ganin sai wanda rubuta imel da rahoto ne aikinsa na kullum zai ci moriyar kuɗinsa.