Injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 56: zafin Afrilu ya tona masa asiri

Na sayi injin nan mai juya ƙwai da kansa, irin wanda ake jona wa batir in an ɗauke wuta. Zubin farko a Disamba na yi, kuma na yaba ƙwarai. Rana ta 7 na haska da tocila na cire guda 9 da ba su kama ba, rana ta 18 na tsayar da juyi na ƙara ruwa, rana ta 21 'yan tsaki 39 suka fito garau. Iskar hunturu na saurin shanye ruwan, sai ƙari safe da yamma, shi ke nan. Har ƙanwata da ke Marwa na ce wa ta nemi irinsa.

Sai zubin Afrilu. Duk mazaunin Garwa, a arewacin Kamaru, ya san wannan wata, zafi kan wuce digiri 40, ɗakina kuma rufin kwano ne babu silin. Abin da mai shago bai gaya mini ba shi ne, injin dumamawa kaɗai ya iya, ba ya sanyayawa. Na saita shi a 37.8, amma azahar na yi sai in ga ya haura 39.5 yana ta kuka. Na ɗaga murfi, na sauke shi ƙasa kusa da randa, na rataya jiƙaƙƙen zane a taga, duk a banza. Ƙwan manyan kajin nan ne fa da ake kira Brahma, kun san abin da ake sayar da ɗaya.

Tun rana ta 19 suka fara fasa ɓawo, lokaci bai yi ba. Guda 11 suka fito, wasu cibiya a buɗe, wasu ƙafa a karkace ko tsayuwa ba sa iyawa, 4 kawai suka rayu. Da na fasa sauran, na tarar da tsaki da gashinsu da bakinsu, sun mutu a ciki. 'Yata da ke tashi da asuba tana leƙa injin ranar ko abinci ba ta ci ba.

Na koma shagon, amsar da na samu ita ce, “Hajiya, ai ɗaki mai na'urar sanyi ake sa shi.” Da ina da wannan ɗakin, Alhaji, ai da ranar ciniki ka faɗa.

Kuma ma'aunin laimarsa ƙarya yake yi. Na aro wani na gwada, injin na nuna 68, na aro na nuna 55. Yanzu na gane dalilin da guda 8 suka maƙale a ɓawo tun a Disamba, ni kuwa na ɗora wa zakarana laifi. Takardar bayaninsa ma babu Faransanci ko layi ɗaya.

Na kira ƙanwata na ce ta dakata da sayen. Nawa na mayar da shi kwali, sai damina ta sauka.