Bosentan da Sildenafil a Hawan Jinin Jijiyoyin Huhu

A cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa da ke fitar da sinadarai masu sassauta jijiya da masu matse ta. A cutar hawan jinin jijiyoyin huhu wannan shimfiɗa ce ke lalacewa: nitirik oksaid mai sassautawa ya ragu, endotelin mai matsewa ya yi yawa, jijiyoyin su ƙuntata su yi kauri, har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da tura jini. Mai cutar kan tsaya yana haki kafin ya ƙure layi ɗaya a babbar kasuwar Sakkwato.

Bosentan, maganin wannan cuta da Amurka ta amince da shi a 2001, yana toshe wuraren da endotelin ke kamawa. Sau biyu ake shan sa a rana, amma dole a riƙa gwajin hanta duk wata, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga mai tasowa daga Illela ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yana kuma illata ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu ba ta shan sa.

Sildenafil kuwa, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2005, yana ƙarfafa tasirin ɗan nitirik oksaid ɗin da ya rage, kuma sau uku ake shan sa. A ganina ya fi sauƙi ga talaka, tunda ba ya buƙatar wancan gwaji. Sai dai ba a haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji na nitiret, kuma a 2009 an dakatar da gwajinsa a kan masu sikila domin ya ƙara musu tashin ciwo, alhali masu sikila suna da yawa a cikinmu.