Ace Combat 7 a kan Switch: a ƙaramin sikirin, kunne ne ke tuƙa jirgin

Jama'a masu son gem ɗin jiragen yaƙi, ga abin da na gani bayan na gama labarin Ace Combat 7: Skies Unknown a kan Nintendo Switch, kuma kusan duk a hannu na buga shi ba tare da na jona da talabijin ba. Gem ɗin tun 2019 ya fito a PS4 da Xbox One da kwamfuta, sai 11 ga Yulin 2024 Bandai Namco suka kawo shi Switch, kun ga sama da shekara 5 kenan. Fargabata ita ce kar a ce sai an fige masa fiffike kafin ya shiga wannan ƴar na'urar. To ba a fige ba. Mishan 20 ɗin nan na labarin duk suna nan, gajimare na nan, walƙiya na nan, har an haɗa masa ƙarin mishan 3 da jiragen ƙirƙira irin su Falken da Raven da Morgan waɗanda a da daban ake sayensu. Abin da aka rage shi ne kaifin hoto da kuma gudunsa, firem 30 (wato hotuna 30) yake nunawa a sakan, sannan babu ɓangaren VR (wanda ake bugawa da gilashin da ake sawa a fuska) da ƴan PS4 suka samu.

Maganar firem 30 ɗin nan ba ta dame ni kamar yadda na zata ba, da ka ɗan jima hannunka ya saba shi kenan. Inda bambancin yake shi ne gani. Ace Combat ya taɓa zama a na'urar hannu, akwai Ace Combat X a PSP a 2006, akwai wani a 3DS a 2011, amma waɗancan dama don ƙaramin sikirin aka gina su. Wannan kuwa don babban talabijin aka yi shi aka matso shi cikin sikirin mai inci 6.2, idan Switch Lite ce ma 5.5, Switch OLED kuma 7. Saboda haka jirgin abokin gaba idan yana nesa ɗigo ne kawai, abin da kake bi shi ne koren akwatin nan da ke kewaye shi, ka jira ya koma ja alamar makaminka ya kama shi sannan ka saki. Rubutun da ke gefen akwatin mai nuna wane irin jirgi ne da nisansa ƙanana ne sosai, a tsakiyar faɗa ba ka da lokacin tsayawa karantawa.

Shi yasa nake cewa duk wanda zai buga shi a hannu ya sa iyafis, wannan ba shawara ba ce ta ado wallahi, rabin wasan yana kunne. Ƙarar da ke gaya maka an sa ka a rada daban take, wadda ke gaya maka an riga an harbo maka mizayil daban, tana ƙara sauri yadda yake matsowa, komai na sikirin ya koma ja, muryar mai sa ido daga sama tana ta maka ihu ka kauce. Da na koma sauraro sai na ga na daina zare ido a kan ɗigo, kunne ya gaya min yaushe zan karya, ƴar radar da ke kusurwar ƙasa ta gaya min ta ina yake zuwa, ido kuma ya tsaya kan wanda nake bi. Kiɗan ma ba a magana, Keiki Kobayashi da mutanensa sun yi aiki, akwai wurin da a ƙarshen labarin ana faɗa da katon jirgin nan Arsenal Bird kiɗa ya ɗaga daidai lokacin da abubuwa suka juya, tsigar jikina sai da ta tashi, a sifikar na'urar ba za ka ji rabin wannan ba.

Sai batun tuƙi. Gem ɗin na ba ka zaɓi biyu, akwai mai sauƙi inda in ka tura sandar hagu gefe jirgin ke juyawa da kansa, akwai na ƙwararru inda sandar ke mirgina jirgin kawai kai ne za ka ja hanci sama ya yi kwana. Don Allah ku fara da na biyun ko da farko za ku yi ta kifewa, don na farkon yana ɗaure maka hannu, ba za ka iya mirginawa yadda kake so ba kuma akwai wuraren da dole sai ka iya. In ka danne maɓallan ZL da ZR (na birki da na ƙara gudu) tare kana jan sanda jirgin yana yin wata matsattsiyar kwana wadda ke cinye gudu, da ita ake kauce wa mizayil kuma da ita ake zagayowa bayan mutum, amma in ka daɗe a kai gudun ya ƙare sai jirgin ya saki hanci ƙasa, idan kana kusa da dutse kuwa sai dai a sake. Abu ɗaya da ya kamata ku sani, ZL da ZR na Switch ba su da rabin dannawa, ko a kunne ko a kashe, to in kana son matsakaicin gudu sai dai ka riƙa ɗan taɓawa kana saki. Wajen sauka a fili da shan mai a sama ne za ka fi jin wannan. Sandunan Joy-Con, wato hannayen bugawa na Switch, ma gajeru ne, motsi kaɗan jirgi ya tafi da yawa, bin mutum da bindiga sai da natsuwa.

Yanayi shi ne abin da ya fi burge ni. Ka shiga gajimare ruwa ya ɗiɗɗigo a gilashi, in ka daɗe ƙanƙara ta fara kama jirgin, mizayil ma kamunsa na raguwa a ciki saboda haka wurin ɓuya ne a gare ka kuma wurin ɓuya ne ga wanda kake bi. A mishan na 7, kwarin Yinshi, duwatsu ne dogaye tsaye ga iska na tura ka gefe ga tsawa, walƙiya ta same ka duk alamomin sikirin su rikice na ɗan lokaci, a nan ne kuma kake haɗuwa da Mihaly, tsohon matuƙin nan mai Su-30. A ƙaramin sikirin wannan mishan ɗin yana da wuya ƙwarai don duhu ne ga hazo, in alamomin suka ɗauke kusan a makance kake tuƙi tsakanin duwatsu, amma wallahi nan ne na fi jin ina cikin jirgi da gaske. Na bayansa mai guguwar rairayi inda kake farautar motocin dakon mai suna ɓacewa a rada, da kuma na dare inda kake bin kwazazzabo kana kauce wa fitilu, su ma ka ƙure hasken sikirin kafin ka fara, kar ka buga su a inda rana ke haska maka fuskar na'urar.

Labarin kuwa, duniyar ƙirƙira ce, yaƙi tsakanin ƙasashen Osea da Erusea, kai ne Trigger wanda aka ɗora wa laifin kashe tsohon shugaban ƙasa aka jefa shi rundunar fursunoni da layi 3 a wutsiyar jirginsa. Yana da daɗi amma yawancinsa ta rediyo ake faɗa ana tsakiyar wuta, rubutun na fitowa a saman sikirin kai kuma mizayil biyu na bayanka, abubuwa da dama sai a bugu na biyu na fahimce su.

Inda na'urar hannu ta yi wa talabijin fintinkau shi ne tsayawa da ci gaba. Wasu mishan ɗin dogaye ne, irin wanda ake ba ka lokaci a ce ka tara maki ta hanyar ragargaza sansani, makamai su ƙare ka koma layin baya a sake loda maka ka dawo, kuma wuraren da gem ke ajiye maka ci gaba suna da nisa da juna. A Switch sai ka dakatar ka sa ta barci, ka dawo ka tarar da jirginka a inda ka bar shi. Haka ma tara MRP, kuɗin cikin gem da ake buɗe jirage da kayan gyara da su, ka fara da F-16C kana hawa reshe reshe, ɓangaren Amurka ya kai ka F-22A na Rasha ya kai ka Su-57, maimaita mishan ɗaya don tara su bai gundure ni ba tunda a ɗan lokacin da na samu nake yi. Shawarata kar ku watsa MRP a ko'ina, ku riƙe reshe ɗaya har ƙarshe don mishan ɗin ƙarshe ƙarshe suna son jirgi mai kwana sosai, musamman na 20 da ake shiga wani matsattsen rami da jirgi. Batir dai yana sha, gem ne mai nauyi, caja ta kasance kusa.

Akwai bugawa da mutane ta intanet har mutum 8, sai kana da rajistar Nintendo Switch Online, ni dai labarin ya fi ja na. Ƙarin mishan 3 ɗin nan na katon jirgin ƙarƙashin ruwa Alicorn ku bar su sai kun gama labarin kun mallaki jirgi mai kyau, sun fi yawancin na ciki zafi, na biyunsu ma, harin tashar Anchorhead, abokan gaba sun cika sikirin har akwatunan suna hawa kan juna, shi kam in kana da talabijin kusa gara ka jona.